Gayyar share filin shaƙatawa na unguwa: yaya ake yi da rubutun katanga, kuma me ke hana shara dawowa?

Ɗan Unguwa ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka riga mu sanin wannan aiki, domin mun taɓa gwadawa sau ɗaya mun sha ƙasa, kuma ba ma so mu maimaita.

A unguwarmu da ke wajen badala a Kano akwai wani ɗan fili da aka keɓe tun lokacin da aka yanka filayen unguwar, domin yara su sami wurin wasa, manya kuma su sami inda za su sha iska da la'asar. An kewaye shi da katangar bulo, a ciki akwai bishiyoyin darbejiya guda bakwai, da kujerun siminti, da ƙarafan lilo waɗanda sarƙoƙinsu suka daɗe da ɓacewa. A nan na koyi buga ƙwallo, amma yau ba zan yarda ƙanena ya shiga wurin babu takalmi ba. Ledojin fiya wata da baƙar leda sun rufe ƙasa, ga robobin lemo da ɓawon rake da fasassun kwalabe. Kusurwar gabas ta zama juji sosai, a nan yaran gidaje ke juye bokitan shara da magariba, kusurwar yamma kuwa ba sai na faɗi abin da ta zama ba, hanci ne ke ba da labari.

Katangar ita ma tana da nata ciwon. Fastocin 'yan takarar zaɓen 2023 suna nan har yau, wasu a kan wasu kamar ɓawon albasa, waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi duk suna ta murmushi. A tsakaninsu ga tallar makarantun lesin, da ta masu maganin basir, da ta masu yasar masai, kowace da lambar waya da aka rubuta da jan fenti. Samari kuma sun cike abin da ya rage da fentin feshi: sunayen ƙungiyoyin ƙwallon Turai, da laƙabobinsu, da wasu kalmomin ashar da bai kamata yaro mai koyon karatu ya haɗa baƙinsu ba. Wani bawan Allah da abin ya ishe shi ya rubuta da manyan baƙi cewa Allah ya isa ga duk wanda ya zuba shara a nan, kuma a ƙarƙashin wannan rubutun ne tarin sharar ya fi tsawo.

Bara mu goma sha huɗu muka fito wata Asabar, muka share, muka tara, muka cinna wa tarin wuta, muka ɗauki hotuna muka sa a Facebook. Ba a yi mako uku ba wurin ya koma gidan jiya. Bana mun ƙaru, mun kai ashirin da biyar, kuma mun yi karo-karo mun tara ɗan abin da zai sayi kayan aiki. Abin da nake son sani shi ne, da me ake fitar da rubutun fenti daga jikin bulo ba tare da an ɓata katangar ba, ina ya kamata mu kai sharar idan ba ƙonawa ba, kuma wace dabara ce ke sa wuri ya zauna da tsafta bayan 'yan gayya sun watse? Sannan shin sai mun nemi izinin wani kafin mu taɓa katangar?

Tsohon Malami ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku ladan gusar da cuta daga hanyar mutane, wanda Ma'aiki, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya lissafa cikin rassan imani.

Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, domin ita ce ya kamata ta zo a farko. Kada ku ɗaga shebur sai kun je wurin mai unguwa, shi kuma ya sanar da dagaci da kansilan mazaɓa, sannan ku rubuta gajeriyar takarda zuwa ƙaramar hukuma ku ajiye kwafi a hannunku. Ba don aikin alheri yana buƙatar lasisi nake faɗin haka ba. A garin da fili ya yi tsada irin Kano, idan aka wayi gari aka ga samari ashirin da biyar da baro da bokitan fenti a cikin filin da babu gini, rabin unguwa za su ce wani attajiri ne ya turo su zai cinye wurin, ɗaya rabin kuma su ce ɗan siyasa ne ya biya su. Kowane zato daga cikin biyun nan ya isa ya sa mutane su naɗe hannu su zuba muku ido. Amma idan liman ya yi sanarwa bayan sallar isha'i cewa mai unguwa na gayyatar kowa, aikin ya tashi daga naku ya zama na unguwa.

Game da abin da ya same ku bara kuwa, ina ganin kun kira abin gayya alhali kun manta yadda gayya take. A ƙauyen da na tashi, ba a yin gayya sai da mai gayya. Gonar wani ce takamaimai, shi ya kira mutane, gidansa aka dafa abinci aka dama fura, makaɗa suka zuga samari, kuma idan rana ta yi kowa ya saɓa fartanyarsa ya tafi, mai gona na nan da gonarsa, gobe da sassafe zai koma ya cire ciyawar da ta rage. Ku kuwa kun yi noma a gonar da babu mai komawa ya duba ta. Don haka ciyawa ta tsiro, kuma da kun fi haka yawa ma da ta tsiro.

Ina aji ina koyarwa lokacin da gwamnatin Janar Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a a 1984, kuma a nan Kano aka buɗe ɓangaren tsaftar muhalli na shirin a 1985. Na ga yadda gari ya yi fes cikin 'yan makonni, na kuma ga yadda ya koma da aka janye bulala. Kafin nan ma mun san duba-gari, waɗanda ke shiga gida su leƙa randa da kwata, matan gida na jin an ce ga su nan sai ka ga tsintsiya na tashi. Abin da ya rage mana daga wancan zamani shi ne tsaftar Asabar ɗin ƙarshen wata, daga ƙarfe 7 zuwa 10 na safe, wadda yaranmu da yawa suka mayar lokacin buga ƙwallo a kan kwalta tunda babu motoci. Duk da haka ita ce ranar da ta fi dacewa da ku, domin mutane na gida. Ku rubuta wa hukumar kwashe shara ta jiha, wato REMASAB, tun da sauran kwanaki, ku faɗa musu rana da wuri ku roƙi mota. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Sai ku nemo wa filin mai gida. Nufina mutumin da tsaftar wurin ke da alaƙa da abincinsa ko da mutuncinsa: mai shayi, ko mai renon shuke-shuke yana sayarwa, ko dattawan da za su mayar da gindin darbejiya majalisarsu. Yaro ba ya juye shara a gaban dattijon da ya san ubansa. Sai dai ku yi hattara, domin na ga inda aka ba mutum ɗaya izinin ajiye tebur, kafin shekara ta zagayo teburin ya haifi shaguna goma, filin ya tafi ke nan. A rubuta cewa mutum ɗaya ne, kuma babu gini.

Mai Fenti ya amsa:

Ina gaida Baba Malam, maganarsa dutse ce. Ni a kan katanga kaɗai zan yi magana, domin da buroshi nake ci.

Malam Ɗan Unguwa, ka cire rai da cewa za ku goge fentin feshi daga jikin bulo ko filasta ya fita tas. Siminti yana da ƙananan ƙofofi, yana shan fenti kamar yadda ƙasa ke shan ruwa, saboda haka idan kuka zuba tina ko fetur kuna gogawa, abin da za ku yi shi ne ku narkar da launin ku ƙara tura shi ciki, a ƙarshe ku sami babban tabo mai duhu wanda har yanzu ana iya karanta zagin a cikinsa. Tina tana aiki ne a kan abu mai santsi, kamar ƙofar ƙarfe da ƙarafan lilo: a jiƙa tsumma, a goga, a bi da samfefa inda tsatsa ta ci, a shafa fentin hana tsatsa kafin fentin mai. Wanda zai yi wannan ya sa safar hannu, ya tsaya inda iska ke kaɗawa, kuma kada kowa ya kunna ashana ko sigari a kusa.

Bulo kuwa rufewa ake yi. Amma kafin nan sai an fitar da fastoci, kuma wannan shi ne aikin da ya fi cin lokaci, ko da yake ba shi da wuya. Yawancinsu da sitaci aka liƙa su, don haka ruwa ne maganinsu: a watsa ruwa sosai, a bari ya jiƙu, a sake watsawa, sannan a kankare da cokalin magina ko guntun faranti, a bi da buroshin ƙarfe. Wanda ya yi gaggawa ya shafa fenti a kan takarda, damina ɗaya za ta ɗago masa ita tare da fentin. Bayan an kankare, a bar katangar ta bushe sarai, kwana biyu ko uku. Wannan ya sa nake ba ku shawara ku raba aikin gida biyu, shara da kankara rana ɗaya, fenti wata ranar, kuma duk a gama kafin ruwa ya sauka.

Kuskuren da nake yawan gani shi ne a sayi fentin ruwa mai arha, fari, a tsinka shi da ruwa don ya yi auki, a shafa sau ɗaya. Yana ɗanye za ku ga kamar ya rufe, da ya bushe sai jan rubutun ya fito yana yi muku dariya. Ja da baƙi ba sa ɓuya a ƙarƙashin farin da bai yi kauri ba. A fara bin kan rubutun da fentin share fage mai kauri, a bari ya bushe, sannan a shafe katangar sau biyu da launi mai ɗan duhu, irin ruwan ƙasa ko ruwan toka, wanda ƙurar hunturu ma ba ta saurin nunawa a jikinsa. Kuma a shafe daga ginshiƙi zuwa ginshiƙi. Idan kuka yi faci-faci, kowane faci allo ne da kuka wanke wa mai rubutu na gaba.

Idan sun yi rubutu a jikin darbejiyar, ku ƙyale shi, ɓawon zai zubar da shi da kansa. Tina da kankara za su cuci bishiyar ne kawai. A ƙarshe ku rage rabin bokiti ku ajiye wurin mutum ɗaya amintacce tare da buroshi, domin za a sake rubutawa, wannan babu makawa.

Malamar Asibiti ta amsa:

Assalamu alaikum. Ƙanena, abin da ya fi tsaya mini a rai cikin bayaninka shi ne wutar da kuka cinna. Hayaƙin leda da roba guba ne, yana tayar da ciwon asma, yana shiga ƙirjin jarirai da tsofaffi na gidajen da ke kewaye da ku, kuma tokar da ta rage iska ce ke mayar da ita cikin gidaje. Ban da haka, baƙin tabon da wuta ta bari a ƙasa alama ce ga kowa cewa nan wurin ƙona shara ne. Ina kyautata zaton shi ya jawo muku bokitin farko bayan kun tafi.

Ku rarraba sharar tun kuna tarawa. Robobin lemo, da gwangwanaye, da duk wani ƙarfe, 'yan bola jari za su saya a kilo, kuɗin ya sayi ruwan sha ga masu aiki. Ganyen darbejiya da ɓawon rake da turɓaya taki ne. Tun zamanin kakanni manoman kewayen Kano ke shigowa da jakuna suna kwasar takin birni zuwa gonaki, leda ce ta zo ta ɓata musu shi. Abin da ya rage bayan wannan shi ne na mota, kuma za ku ga bai kai yadda kuke zato ba.

Kowa ya sa takalmi mai rufi da safar hannu mai kauri, a yi aiki da manjagara da shebur, kada a cusa hannu cikin tari. Wuri irin wanda ka siffanta ba ya rasa allurai da reza da kwalaben maganin tari, duk da cewa tun 2018 gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da maganin tari mai ɗauke da kodin. Allura a ɗauke ta da filaya a jefa cikin jarka mai kauri, a rufe, a kai asibiti mafi kusa. Wanda ƙusa ko tsohon gwangwani ya yanka, a wanke ciwon da ruwa da sabulu, a kai shi a yi masa allurar rigakafin cutar sarƙe haƙora a ranar, ba gobe ba. Yara ƙanana kuma su zo su yi kallo su raba ruwa, ban da shiga juji.

Akwai inda nake so in ɗan ƙara a kan maganar Baba Malam, tare da girmamawa. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Yaron da ke juye bokiti a kusurwar gabas ba don ƙeta yake yi ba, aikensa aka yi, kuma wadda ta aike shi tana cikin gida da shara a tsakar gida, babu inda za ta kai. Dattijo zai iya korar yaron, amma bokitin ba zai koma gida cike ba, a kwata za a juye shi, idan ruwan Agusta ya zo kwatar ta toshe ruwa ya shiga ɗakunan mutane. Duk shawarar da aka yanke a ƙofar mai unguwa babu mace ko ɗaya, alhali shara daga hannunmu take fitowa. Ku sami iyayenku mata da malamar Islamiyyar matan aure, a daidaita da mai baro ɗaya ko biyu da za su riƙa bi gida-gida ana biyansu ɗan abin da ba zai gagara ba, su kai inda hukuma ta ware.

Ɗalibin Tsara Birane ya amsa:

Rabin bokitin nan da Malam Mai Fenti ya ce a ajiye, a wurina ya fi duk sauran bokitan muhimmanci. A 2008 masu bincike a birnin Groningen na ƙasar Holan sun yi wani gwaji a lungun da ake ajiye kekuna, inda babu kwandon shara. Sun rataya takardar talla a hannun kowane keke, suka koma gefe suna ƙirga masu jefar da ita ƙasa. Lokacin da bangon lungun ke da tsafta, kashi 33 cikin ɗari ne suka jefar. Da aka cika bangon da rubuce-rubuce, sai adadin ya kai kashi 69. Lungu ɗaya, takarda iri ɗaya, bango kawai aka sauya. Ke nan rubutun katangarku da jujin kusurwarku ciwo ɗaya ne, kowanne yana gaya wa mai wucewa cewa nan babu mai kula.

Haka hukumar jiragen ƙarƙashin ƙasa ta birnin New York ta yi daga 1984 zuwa 1989. Ba ta ce za ta wanke taragai duka a rana ɗaya ba. Ta riƙa ɗaukarsu kaɗan-kaɗan, kuma duk taragon da aka riga aka wanke, idan aka sake yi masa rubutu, ba ya ɗaukar fasinja sai an goge. Mai rubutu yana yi ne don a gani, idan ya tabbata kafin gari ya waye an shafe, kuɗin fentinsa ya tafi a banza. Saboda haka ina ganin gara ku ɗauki bango ɗaya da kusurwa ɗaya waɗanda za ku iya tsarewa kullum, da ku gyara ko'ina ku kasa riƙewa.

A Ruwanda ma, inda ake yawan ba da misali da aikin gayyarsu na Umuganda a Asabar ɗin ƙarshen wata, abin da ba a cika faɗa ba shi ne bayan an ajiye kayan aiki ana zama a tattauna matsalolin unguwa, kuma ƙasar ta hana leda tun 2008. Ba tsintsiyar safiya ɗaya ce kaɗai ta share Kigali ba.

Badamagare ya amsa:

Ɗan'uwa Ɗalibi, doka ita kaɗai ba ta isa ba. Mu a Nijar tun 2014 aka yi dokar hana leda marar kauri, amma ka zo bayan gari ka ga yadda take rataye a ƙayoyi kamar an shanya, mahauta kuma suna fasa tumbin akuya su tarar da ita a dunƙule. Abin da na ga ya yi aiki a unguwarmu shi ne fada, wato majalisar samari masu shan shayi. Da aka damƙa musu wani bango aka ce nasu ne, suka yi masa fenti da hannunsu, babu wanda ya ƙara kusantarsa da gawayi ma.

Ɗan Unguwa ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba Malam, jiya bayan la'asar mu uku muka je wurin mai unguwa, kuma kamar ka sani, abin da ya fara tambaya shi ne wa ya turo mu. Da muka yi bayani ya saki jiki, har ya ce shi zai kai takardar da kansa, kuma akwai wani mai shayi da ya daɗe yana neman wurin zama, za a kira shi a yi magana a gaban shaidu. Anti Malama, na karanta wa mahaifiyata abin da kika rubuta, ta ce ai tun bara ta faɗa mini haka ban saurara ba; ita da maƙwabtanta za su nemi mai baron.

Wani abu kuma ya fito da ban zata ba. Da muka zauna muna lissafin fenti, biyu daga cikin 'yan ƙungiyarmu suka amsa da bakinsu cewa laƙabobin da ke bangon kudu nasu ne, tun suna sakandare suka rubuta. Mun yi dariya, sannan muka ɗora musu ajiyar rabin bokitin da buroshin, kuma su za su je su yi magana da ƙannensu masu yi yanzu. Wasu sun kawo shawarar a bar wa yaran yanki ɗaya na katangar daga ciki su yi zanen da suke so muddin babu zagi, wasu sun ce wannan buɗe ƙofa ne. Ba mu daidaita ba tukuna.

Kusurwar yamma ce har yanzu ban ga bakin zarenta ba, domin masu tsayawa a wurin yawanci 'yan kasuwar bakin titi ne da masu wucewa, kuma babu gidan wanka da bahaya kusa. Malam Mai Fenti, bangon wannan kusurwar gishirin fitsari ya cinye filastarsa har bulo ya fito, yana ta marmashewa. Shin sai mun kira magini ya sake yaɓe shi kafin fenti, kuma idan an yaɓe, kwana nawa za mu jira?